Kwalekwalen Al'ul da Bukukuwan Hunturu: Tarihin Mutanen Gaɓar Tekun Kanada

A yammacin ƙasar Kanada, a gaɓar Tekun Pasifik, akwai wani lardi da ake kira British Columbia. Ƙasa ce ta tsibirai da duwatsu da kurmi, ruwan teku kuwa ya kutsa cikin tudu ta ko'ina. Tun shekaru dubbai kafin zuwan Turawa akwai kabilu da ke zaune a wurin, kamar su Haida, da Tsimshian, da Heiltsuk, da Kwakwaka'wakw, da Nuu-chah-nulth. Danginsu kuma suna arewa a Alaska, suna kudu a jihar Washington ta Amurka. Turawa sun kira su Indiyawa bisa kuskure, amma kowace kabila tana da sunanta da harshenta. Abu biyu ne suka riƙe zaman waɗannan mutane, wato kwalekwale da bukin hunturu. Ya kamata mu masu bi mu san tarihin abubuwan nan biyu, gama Ikilisiya tana da hannu a cikin faɗuwarsu, daga baya kuma ta fito a gaban duniya ta nemi gafara.

Yadda ake sassaƙa kwalekwale

A irin wannan ƙasa babu doki, babu jaki, babu raƙumi, hanyar ƙasa kuma da wuya. Teku ita ce hanya, ita ce kuma gona. Wanda ba shi da kwalekwale ba ya zuwa su, ba ya zuwa fatauci, ba ya kai gaisuwar mutuwa. Allah kuwa ya ba su wani itace da Turawa suka sa wa suna jan al'ul, ko da yake ba irin al'ul na Lebanon da muke karantawa a Littafi Mai Tsarki ba ne. Tsayinsa yakan kai mita 60, yakan kuma yi shekara dubu yana tsaye. Ba shi da nauyi, yana tsagewa miƙe, ba ya saurin ruɓewa a ruwa. Da katakonsa suke gina gidaje, da ɓawonsa suke saƙa tufafi da tabarmi da igiya.

Masassaƙi yakan shiga kurmi ya yi ta neman itace mai miƙaƙƙen jiki, marar rassa a gindi. Sai ya huda shi kaɗan don ya ga ko cikinsa lafiyayye ne. Kafin a sare shi akan yi masa magana, a roƙe shi ya fāɗi lafiya. A wasu kabilu masassaƙi ba ya taje kansa, ba ya kuma kusantar matarsa har aikin ya ƙare, wai don kada itacen ya tsage. Kafin ƙarfe ya yawaita a wurinsu, da kayan aiki na dutse da ƙashi da ɓawon katantanwar teku suke sara, suna taimakawa da wuta kaɗan kaɗan.

In itacen ya fāɗi, sai a fara fitar da siffar ƙasan jirgin da gizago, a juya shi a rage cikinsa. A wurin Haida sau da yawa akan bar shi nan cikin kurmi ya yi hunturu, ya sha iska, sa'an nan jama'a su taru su jawo shi bakin teku a ƙarasa. Don kada wani gefe ya fi wani kauri, masassaƙi yakan huda ƙananan ramuka a jikin jirgin, ya cusa 'yan sanduna masu tsayi daidai da kaurin da yake so. In yana fafe ciki ya tarar da kan sandar, ya san ya isa ke nan.

Sa'an nan sai aiki mafi hatsari. Akan zuba ruwa a cikin jirgin, a gasa duwatsu a wuta har su yi ja, a jefa su ciki, a rufe da tabarmi. Tururi yakan tausasa itacen, sai a riƙa sa sanduna a gicciye ana buɗe bakinsa a hankali, har faɗinsa ya fi na gungumen da aka sare. In an yi gaggawa sai ya tsage, aikin watanni ya lalace a rana ɗaya. In ya huce sai a ɗora masa dogon goshi da wutsiya domin yanka raƙuman ruwa, a babbaka bayansa da wuta, a goge da fatar wani kifi mai kaushi, a shafa mai.

Kwalekwale iri iri ne. Akwai ƙarami na mutum ɗaya ko biyu. Akwai na mutum takwas, wanda Nuu-chah-nulth da Makah suke fita da shi farautar manyan dabbobin teku waɗanda suka fi giwa girma. Akwai kuma manyan na Haida masu ɗaukar mutum arba'in da kaya. Har yanzu akwai ɗaya a wani gidan ajiye kayan tarihi a birnin New York, an sassaƙa shi a wajajen 1878, tsayinsa kamar mita 19, daga itace guda. Mutanen Haida sukan tsallaka teku da sababbin jirage zuwa bakin kogin Nass a ƙarshen hunturu, su musanya su da man wani ɗan ƙaramin kifi mai kitse, wanda yake da daraja ƙwarai a wurinsu.

Hunturu, lokacin taro

Hunturunsu ba irin namu ba ne mai ƙura da bushewar leɓe. Nasu na ruwan sama ne da hadiri da sanyi, a watan Disamba kuma hasken rana da ƙyar yake kai awa takwas. Amma a wani fanni ya yi kama da namu. Yadda manomi a ƙasar Hausa yake jira sai an cika rumbu kafin a shiga bukukuwan aure da kokawa da dambe, haka su ma. A watannin zafi iyalai sukan watsu zuwa bakin koguna suna kama kifin salmon, suna ƙyafe shi, suna tara 'ya'yan itatuwa. In sanyi ya shigo sai kowa ya komo babban gari, inda manyan gidajen katako suke jere suna fuskantar teku, kwalekwale kuma a ƙofar kowane gida. A wurin Kwakwaka'wakw shekara kashi biyu ce, lokacin aiki da lokacin tsarki. In lokacin tsarki ya zo har sunayen mutane sukan canja, a kira kowa da sunansa na hunturu.

A wannan lokaci ne ake yin bukin da Turawa suka sani da suna fotilac. Kalmar ta fito daga harshen kasuwanci na gaɓar, ma'anarta bayarwa. Shugaban dangi yakan yi shekaru yana tara kaya, sa'an nan ya aika da manzanni cikin kwalekwale su gayyato garuruwa. Baƙi sukan iso cikin manyan jiragensu suna waƙa, su tsaya a kan ruwa sai an yi musu izinin sauka. Akan yi kwanaki ana ci ana sha, ana rawa da fuskokin itace da aka sassaƙa, ana ba da tarihin kakanni. A nan ake raɗa suna, a ɗaura aure, a yi makokin shugaban da ya rasu, a tabbatar da magajinsa, a faɗi wanda yake da ikon kamun kifi a kogi kaza. A ƙarshe mai buki ya raba kayan da ya tara: barguna, da mai, da faranta na tagulla, har da kwalekwale.

Kyautar nan tana da ma'ana. Mutanen ba su da rubutu, saboda haka baƙi su ne shaidu, wanda ya karɓi kyauta kuwa ya yarda ke nan zai tuna da abin da aka yi a gabansa, ya kuma shaida shi gobe. Ashe bukin shi ne kotunsu, shi ne littafin rajistarsu, shi ne kuma hanyar da dukiya take zagayawa. Ga kuma yadda abubuwan biyu suka dogara da juna: ba buki sai da jirgin da zai kawo shaidu, manyan jirage kuma saboda buki da fatauci ake sassaƙa su.

Annoba da zuwan 'yan mishan

A watan Maris na 1862 wani jirgin ruwa daga San Francisco ya kawo ciwon agana garin Victoria. A lokacin akwai 'yan kabilun arewa da yawa da suka yi zango a bayan garin domin ciniki. Maimakon a killace su a yi musu lamba, sai hukuma ta kore su. Suka shiga kwalekwalensu suka nufi gida, suka kai cutar kowane gari da suka yada zango. Mutane dubbai suka mutu. Haida, waɗanda dā suke da dubban mutane da garuruwa masu yawa, sun ragu har ba su kai 600 ba a wajajen 1915, sauran suka tattaru a garuruwa biyu, Skidegate da Masset. Har wa yau a kurmin tsibiransu ana tarar da kwalekwalen da aka fara sassaƙa ba a gama ba, gansakuka ta rufe su.

A cikin wannan zamani ne bishara ta iso. A 1857 ƙungiyar C.M.S. ta Ingila, wadda ita ce ta yi aiki da Bishop Samuel Ajayi Crowther a kogin Kwara, ta aiko da wani saurayi mai suna William Duncan zuwa Fort Simpson, wurin Tsimshian. Shi ba fasto ba ne, malamin koyarwa ne kawai. Ya koyi harshen mutanen, ya yi wa'azi da shi. A 1862 ya tashi da masu bi kamar hamsin suka kafa garin Kirista a Metlakatla, wasu ɗaruruwa suka biyo su. Ya yi wa mutanensa lamba, agana kuwa ba ta yi musu ɓarna kamar sauran garuruwa ba. Ya hana sayar da barasa, ya buɗe makaranta da injin tsaga katako, suka gina majami'a mai ɗaukar mutum fiye da dubu. Ba daidai ba ne a manta da wannan alheri.

Amma cikin dokokin garin akwai cewa duk mai son zama a ciki sai ya bar rabon dukiya a buki, ya bar shafa launi a fuska, ya bar raye-rayen hunturu, ya gina gida irin na Turawa. A idon Duncan da yawancin 'yan mishan na zamaninsa, na Angilikan da Metodis da Katolika, zama Kirista da zama kamar Bature abu ɗaya ne. Daga baya shi kansa ya saɓa da bishop ɗinsa a kan maganar Jibin Ubangiji, C.M.S. ta sallame shi. A 1887 ya ƙaura da mutane kamar 800 zuwa wani tsibiri a Alaska, da yawansu kuwa cikin kwalekwale suka haye.

Dokar hana buki

'Yan mishan da ma'aikatan gwamnati suka yi ta kai ƙara cewa bukin almubazzaranci ne, yana hana mutane aikin lada, yana hana yara zuwa makaranta. Sai a 1884 gwamnatin Kanada ta yi doka, ta fara aiki ranar 1 ga Janairu 1885: duk wanda ya yi fotilac, ɗaurin wata biyu zuwa wata shida. Gaskiya ita ce akwai 'yan ƙasa Kirista da suka goyi bayan hanin. Wasu sun gaji da bashin da buki yake jawowa, wasu mata kuma sun ƙi yadda ake ƙulla aure a kwance shi domin dukiya. Ƙorafinsu na gaskiya ne. Amma dokar ba ta rarrabe mai kyau da marar kyau ba, ta haɗa duka ta miƙa wa ɗan sanda.

Shekaru da yawa dokar ba ta yi ƙarfi ba, sai da aka ba jami'in gwamnati mai kula da 'yan ƙasa ikon ya yi shari'ar da kansa. A watan Disamba na 1921 wani shugaba na Kwakwaka'wakw mai suna Dan Cranmer ya yi babban buki a tsibirin Village Island, nesa da idon hukuma. Cikin abin da ya raba akwai kwalekwale 24 da jirage huɗu masu inji. Labari ya kai kunnen jami'in yankin, William Halliday. Aka gurfanar da mutum 45, laifin wasu shi ne sun yi rawa, wasu sun yi jawabi, wasu sun karɓi kyauta. Aka ce duk garin da ya miƙa kayan bukinsa za a saki mutanensa. Kamar mutum ashirin suka tafi kurkukun Oakalla kusa da Vancouver. Aka tara ɗaruruwan fuskokin itace da kayan rawa, aka baje su a ɗakin taron Ikilisiyar Angilikan a garin Alert Bay, masu kallo suna biyan kuɗin shiga. Bayan haka aka sayar da wasu ga wani attajiri na New York, sauran aka aika gidajen tarihi a Ottawa da Toronto.

Duk da haka bukin bai mutu sarai ba. Wasu sukan jira sai hadiri ya hana jirgin 'yan sanda tafiya, su taru a ƙauyuka masu wuyar zuwa. Wasu sukan naɗe kayan rabo su ce kyautar Kirsimeti ce. Abin tunani ne, a ce sai da mutane suka fake da ranar haihuwar Mai Ceto kafin su iya yi wa iyayensu makoki yadda suka gada.

Abin da ya fi dokar ɓarna shi ne makarantun kwana. Gwamnati ce take ba da kuɗi, ikilisiyoyi suke gudanarwa. Daga 1920 aka tilasta wa iyaye su ba da 'ya'yansu. A duk faɗin Kanada yara kamar 150,000 ne suka bi ta cikinsu. Akan yi wa yaro dūka in ya yi magana da harshen uwarsa, da yawa an ci zarafinsu, dubbai kuma sun mutu ba su koma gida ba. Hausawa sun ce ice tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Watannin hunturu da yaro zai zauna kusa da kakansa yana koyon riƙon gizago da waƙoƙin danginsa, yana can a makaranta. Ga kuma injin mai ya shigo, kamfanoni suna sare tsofaffin itatuwan al'ul. Kafin tsakiyar ƙarni na ashirin, sassaƙar manyan jiragen teku ta kusa ƙarewa, sai dai na tsere da ƙananan na su.

Dawowa

A 1951 aka sāke dokar 'yan ƙasa, aka cire hanin shiru, ba tare da an ce an yi kuskure ba. A 1953 wani dattijon masassaƙi, Mungo Martin, ya yi buki a fili a birnin Victoria. 'Ya'yan waɗanda aka ɗaure suka dāge sai an komo musu da kayansu. Aka gina gidajen ajiya biyu, ɗaya a Cape Mudge a 1979, ɗaya a Alert Bay a 1980. Na Alert Bay sunansa U'mista, kalmar da suke faɗa in wanda aka kama a yaƙi ya dawo gida. An gina shi daura da tsohuwar makarantar kwana ta St. Michael, wadda aka rushe a 2015.

Da buki ya dawo, jirgi ya biyo shi. Wani masassaƙi mai suna Bill Reid, wanda uwarsa 'yar Haida ce, ya yi nazarin tsofaffin jirage a gidajen tarihi, ya tara matasa a Skidegate suka sassaƙa kwalekwale mai tsayin mita 15 domin baje kolin duniya na Vancouver a 1986. Suka sa masa suna Lootaas, wato mai cinye raƙuman ruwa. A 1987 aka tuƙa shi da filafili tun daga Vancouver har Skidegate, tafiyar kwana 19. Da Reid ya rasu a 1998, shi ne ya ɗauki tokar gawarsa zuwa tsohon garin kakanninsa.

A 1989 wani dattijo na kabilar Quinault, Emmett Oliver, ya shirya tafiyar kwalekwale zuwa birnin Seattle. A wurin wani saurayi na Heiltsuk, Frank Brown, ya gayyaci kowa zuwa garinsu Bella Bella, aka kuwa amsa gayyar a 1993. Tun daga nan tafiyar ta zama al'ada kusan kowace shekara a watannin zafi, wani lokaci jirage su kai ɗari. Ba a yarda da barasa ko ƙwaya a cikinta ba, shi ya sa dattawa suke ganinta magani ce ga matasa. Kowane jirgi yakan tsaya a kan ruwa ya nemi izinin sauka kamar dā. Tun da ba a fafe gora ranar tafiya, a hunturu ne ake sassaƙar filafili, da gyaran jirage, da koyon waƙa, da tara kayan rabo.

Ikilisiya ta nemi gafara

A 1986 Haɗaɗɗiyar Ikilisiyar Kanada ta amsa cewa ta rikita al'adun Turawa da bisharar Almasihu. A 1991 ƙungiyar fada-fada ta O.M.I., wadda 'yan'uwanmu na arewacin Kamaru da Cadi suka sani, ta nemi gafara. A 1993 shugaban Angilikan na Kanada, Michael Peers, ya yi haka. Hukumar gaskiya da sulhu ta ƙasar ta fitar da rahotonta a 2015, ta ce abin da aka yi yunƙuri ne na kashe al'adun al'umma. A watan Yuli na 2022 Fafaroma Fransis ya je Kanada da kansa ya roƙi gafara a gaban waɗanda suka tsira daga makarantun. A garuruwan gaɓar akwai waɗanda suka bar Ikilisiya saboda wannan tarihi. Akwai kuma waɗanda suka riƙe bangaskiyarsu, suna zuwa sujada ran Lahadi, suna kuma tsayawa a bukin danginsu.

Ya 'yan'uwa, tambayar nan ba baƙuwa ba ce a wurinmu. Duk wanda ya taɓa shirya masu neman baftisma ya sha jinta: wace al'ada zan riƙe, wace zan bari? Ba kowace al'ada ce take tafiya da bishara ba. A gaɓar can ma akwai bauta da hare-hare a zamanin dā, ba kuwa wanda yake neman a komo da su. Amma sura ta 15 ta Ayyukan Manzanni ta nuna mana hanya. Sa'ad da gardama ta tashi a kan al'ummai da suka tuba, manzanni da dattawa sun zauna, sun saurari waɗanda suka yi aiki a cikinsu, suka hana abubuwa kaɗan, suka ƙi ɗora musu kaya mai nauyi. A Kanada ba a zauna da masu al'adar ba, an kira musu ɗan sanda, aka kuma raba 'ya'ya da iyayensu.

Saboda haka in maganar kiɗan gargajiya, ko bukin suna, ko gudummawar aure, ko sana'ar da aka gada ta taso a ikilisiyarmu, kada mu yi saurin yanke hukunci. Mu kira dattawa mu tambaye su aikin da al'adar take yi a cikin jama'a, wa take ciyarwa, wa take kārewa, me kuma zai maye gurbinta in an kawar da ita. Sa'an nan mu auna ta da Maganar Allah tare da addu'a. Hanin bukin ya yi shekara 66, amma yau shekara fiye da saba'in ke nan ana gyaran abin da ya ɓata, ba a kuwa gama ba. Ubangiji ya ba mu hikima da tawali'u a cikin aikinsa. Amin.